Kada Ku Ƙwace Guduma Daga Hannun Dattijo

Duk ranar 1 ga Oktoba Majalisar Ɗinkin Duniya tana tunawa da tsofaffi, kuma cikin abubuwan da ke damun likitoci game da su akwai yawan zama. Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yana ajiye aiki in ya cika shekara 60, ko ya yi 35 yana aiki, sau da yawa da sauran ƙarfinsa. Daga ranar sai a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida: daga tabarma sai masallaci, daga masallaci sai tabarma. In ya ɗauki guduma zai gyara sakatar ƙyaure, sai ɗa ya taso da gudu, "Haba Baba, muna nan za ka yi wannan?" Da niyyar ladabi aka faɗa, amma cuta aka yi masa.

Jikin mutum tamkar ɗakin ƙasa yake. Ɗakin da ake kwana a ciki, ana share shi, ana buɗe taga iska ta ratsa, ana yi masa yaɓe kafin damina, sai ya ga jikoki. Wanda aka garƙame wai don kada ya lalace, shi ne gara take cin azararsa a ɓoye, indararonsa ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, bango ya tsage tun daga sama, ran da aka yi ruwan dare ɗaya sai a wayi gari ya zauna. Haka tsokar da ba a mora take zubewa, gwiwa ta sandare, ƙafa ta daina riƙe mai ita, sannan hawan jini da ciwon suga su sami wurin zama, a bayansu kuma shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ya kuma yi aikin da ke ƙarfafa tsoka kwana 2. Dattijonmu ba zai sa gajeren wando ya zagaya filin ƙwallo ba, kuma ba mu ce ya yi ba. Amma jan zarto, da feƙe ƙotar fartanya da gizago, da sassaƙa allon aduwa ga jika, da durƙusawa da miƙewa wajen gyaran benci, duk motsi ne, ga ido da lissafi suna aiki tare da hannu.

Masu cewa aikin hannu zubar da girma ne, su gaya mana girman wa ya kai na Annabawa. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi Zakariyya kafinta ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kansa yake gyara takalminsa, ya ɗinke tufarsa. Ɗan da yake jin kunyar a ga mahaifinsa da ƙusa a hannu, sunansa yake karewa, ba lafiyar tsohon ba. In ɓarin jiki ya shanye, ai mutanen da yake jin kunyarsu ba su ne za su zo jinya ba.

Masu tsoron haɗari kuwa suna da gaskiya a wuri guda, wato tsani. Faɗuwa ta fi kashe waɗanda suka haura 60, ƙashin ƙugun tsoho kuma in ya karye da wuya ya koma daidai. Saboda haka hawa rufin kwano na samari ne. Baba ya tsaya a ƙasa yana nuna inda ke yoyo. Sauran ƙa'idodin kaɗan ne: a yi aiki da sanyin safiya, a sha ruwa, a rufe hanci saboda ƙurar katako, a bar wayar lantarki ga masu ita. Mai ciwon suga kada ya taka wurin aiki ba takalmi, in kuma ƙusa ta soke shi a kai shi asibiti ran nan, kada a tsaya shafa toka.