CIWON BAYA DA NA GAƁOƁI: WA ZA A FARA GANI?

Mutanen ƙasar Kafur manoma ne. Tun daga shuka har noman fari da maimai, a sunkuye mutum ya ke wuni da fartanya. Da kaka kuwa ga yankan dawa, ga cirar auduga, ga ɗaukar buhunan masara. Mata su ma ga daka, ga surfe, ga jan ruwa a rijiya. Don haka ciwon baya da na gwiwa da na kafaɗa ba baƙi ba ne a gidajenmu.

Idan ciwon ya taso, waɗansu sai su nufi kemis su sayo ƙwaya, waɗansu su kira wanzami ya yi musu ƙaho. To, a sani, yawan shan ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac yana kawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda. Tramadol kuwa kama mutum ya ke yi, ya kasa rabuwa da shi.

Wane ne likitan gashi?

Shi ma'aikacin asibiti ne wanda ya yi karatu a jami'a a kan ƙashi da tsoka da jijiya da gaɓoɓi. Ba ya fiɗa. Zai tambaye ka irin aikinka, ya duba yadda ka ke tafiya da sunkuyawa, ya gano inda ciwon ya ke. Sa'an nan ya yi maka gashi ko tausa, ya koya maka motsa jikin da za ka riƙa yi a gida. In ya ga abin ya fi ƙarfin gashi, sai ya tura ka wurin likitan da ya dace.

An fara wannan aiki a Nijeriya a 1945, a asibitin Igbobi na Legas. A 1988 gwamnati ta kafa hukumar da ke yi wa masu aikin rajista. A Ingila kuwa, tun daga 2019 aka dukufa wajen zaunar da su a asibitocin unguwa, domin mai ciwon baya ya fara ganinsu kai tsaye.

Akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da Asibitin Koyarwa na Shika kusa da Zariya, da na Katsina. Ka fara zuwa asibitin garinku, ko babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, ka roƙi a haɗa ka da likitan gashi mafi kusa.

Abin da za ka yi a gida

1. Kada ka kwanta kwana da kwanaki. Doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya ta ke yi. Galibin ciwon baya yakan lafa cikin mako 6 idan ana motsawa.
2. In za ka ɗaga buhu, durƙusa, ka jawo shi jikinka, ka miƙe da ƙarfin ƙafafu. Buhu mai kilo 100 aikin mutum biyu ne.
3. In kana noma, ka riƙa miƙewa kana hutawa.
4. Ka gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba.

Alamun da ba a jira

A kai mutum babban asibiti a ranar idan:
fitsari ko bayan gida ya ƙwace masa, ko fitsarin ya ƙi fita;
tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta yi sanyi ta rasa ƙarfi;
ciwon ya zo da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, gama tarin fuka yakan ci ƙashin baya har ƙusumbi ya fito;
ya faɗo daga itace ko babur;
gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, musamman ga yaro.

Maigida, lafiyar bayanka ita ce abincin iyalinka. Kada ka bari sai damina ta kankama sa'an nan ka nemi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda.