Zazzaɓin Jaririna Ya Ƙi Sauka

Tambaya: Ɗana mai wata biyu ya kwana uku jikinsa da ɗumi. Bai tsananta ba, bai kuma sauka ba. Yaya zan yi? Daga wata uwa, Dutsen Kura, Minna.

Amsa: 'Yar'uwa, jaririn da bai cika wata uku ba, ba a raina zazzaɓinsa, balle idan zafin ya kai digiri 38. Ki kai shi asibiti yau, kamar Asibitin Jummai Babangida Aliyu na mata da jarirai, a gwada jininsa a gano dalili. Kafin nan, ki yawaita ba shi nono, ki rage masa tufafi. Ban da jiƙo, ban da maganin kemis. Idan ya ƙi kama nono, ko yana jijjiga ko numfashi sama-sama, kada ki jira gari ya waye. Allah ya ba shi lafiya.