Ko Kame Baki Daga Abinci Yana Warkad da Ciwon Ciki?

A unguwannin Iku, da sauran ƙasar Suleja, da wuya ka shiga gida uku ba ka tarad da wanda ya ce yana da olsa ba. In ka tambaye shi abin da ya ke yi mata, sai ya lasafta maka abin da ya bari: barkono, da wake, da tsamiya, da lemo, da kunu mai tsami, da dukan abin da aka soya. Wani har daddawa ya yafe. Ga kuma masu wa'azin abinci cikin wayar hannu, suna cewa a bar kome da ya bi ta inji, a koma ga ganye da 'ya'yan itace kaɗai, kowane ciwon ciki zai gudu. 'Yan'uwa masu koyon aikin malanta, mu ne za mu koyad da kiwon lafiya a firamare, iyayen yara kuwa za su riƙa tambayarmu sai ka ce mu likitoci ne. Saboda haka ya kamata mu san inda maganan nan ta ke da gaskiya, da inda ba ta da ita. Gama kalman nan "ciwon ciki" jakar magori ce, cututtuka dabam dabam ne cikinta.

Bari mu fara da gyambon ciki, watau olsa. Tumbi yana fid da wani ruwa mai tsami ƙwarai domin narka abinci, bangonsa kuwa a shafe ya ke da wani yauƙi mai tsare shi. In yauƙin nan ya yi rauni, sai ruwan ya ci naman, ya yi gyambo, ko a tumbin ko a bakin hanji. Likitocin dā sun ɗauka abinci ne da yawan damuwa ke kawo wannan. Cikin 1915 wani likita na Shikago a Amurka, Bertram Sippy, ya fito da tsarinsa: a hana majinyaci abinci, a riƙa ba shi madara da kirim kaɗan kaɗan kowace sa'a daga safe har maraice, tsakani kuma a ba shi garin magani mai kashe tsami, kamar yadda mu ke yi da kanwa. Asibitocin duniya suka bi tsarin nan shekara da shekaru. Zafin yakan kwanta, amma bayan 'yan watanni sai ya komo. Waɗansu ma yawan madara da garin nan ya taɓa musu ƙoda.

Sai cikin 1979 wani likita a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren, ya lura da waɗansu ƙwayoyin cuta masu lauje-lauje cikin naman tumbi, a ƙarƙashin madubin likita. Abokan aikinsa suka ce ba abin da zai rayu cikin ruwan tsamin nan. Wani saurayin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi, suka raini ƙwayar a ɗakin gwaji cikin 1982. Da Marshall ya ga an ƙi yarda, cikin 1984 sai ya kwankwaɗi ruwan da ƙwayoyin ke ciki. Bayan 'yan kwanaki ya shiga amai, aka leƙa tumbinsa aka iske ya kumbura. Sunan ƙwayar Helicobacter pylori, cikin 2005 kuwa aka ba su biyun lambar girma ta Nobel. Yanzu in an gwada mutum an same ta, akan haɗa masa magani iri biyu masu kashe ƙwayoyi da guda mai rage tsami, ya sha kwana 10 zuwa 14, ga yawancin mutane gyambon ya warke, bai komo ba.

Kada mu ce wannan cutar Turai ce. Wani bincike da likita Holcombe da abokansa suka yi a ƙasar Maiduguri, aka buga cikin 1992, ya nuna fiye da mutum 8 cikin 10 suna da alamarta a jininsu, yawanci tun suna yara suka ɗauka. Galibinsu lafiya lau su ke, kaɗan ne ta kan yi wa gyambo. Tana bin miyau, da hannu marar tsabta, da ruwan da ƙazanta ta shiga, don haka mai ɗiban ruwan sha a rafi lalle ya tafasa shi.

Akwai sanadi na biyu, shi ne ya fi ba ni haushi. Magungunan ciwon jiki, irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, suna raunana yauƙin nan na tumbi. Lebura ya wuni yana ɗaukar kaya a kasuwar Madalla, da maraice ya sayi haɗi wurin mai tallan magani a tasha, ya haɗiye ciki wayam. Mutumin nan ya bar wake, abin da ke gina jikinsa da araha, ya riƙe abin da ke huda masa tumbi! Barkono ba ya yin gyambo, ko da ya ke yakan sa wani ya ji zafi. Wanda ya lura wani abinci yana tsokanarsa, to, ya bar wannan ɗaya, ba sai ya ari jerin hani na maƙwabcinsa ba. Amma in bayan gida ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aka yi aman jini, ko mutum yana ta ramewa, wannan ya wuce zancen kunu, sai asibiti a ranar.

To, ashe babu cutar da kame baki ke warkarwa? Akwai, labarinta kuwa yana da ban mamaki. Waɗansu yara sukan yi ta zawo mai maiƙo, ciki ya kumbura, ƙafafu su shanye, girma ya tsaya. Cikin 1924 likita Sidney Haas na New York ya hana irin yaran nan burodi da sauran hatsi, ya ɗora su kan ayaba mai yawa. Suka murmure, shi kuwa ya yaba wa ayaba. Wani likitan yara na Holand, Willem Dicke, shi tun dā alkama ya ke zargi. Cikin yunwar da ta faɗa wa ƙasarsu a sanyin 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya ɓace. Sauran mutane suna ramewa, yaran nan suna samun sauƙi. Da burodi ya komo, cutar ta komo. Ya rubuta hujjojinsa cikin 1950. Ashe ba ayaba ce ta yi aikin ba, rashin alkama ne.

Abin nan mai danƙo da ke sa kwaɓin fulawa ya yi ta miƙewa, watau gulutin, shi ne jikin masu cutan nan ke yaƙi da shi, har ƙananan tsiron da ke cikin hanji masu tsotse abinci su baje. Likitoci suna ce da ita siliyak. Kimanin mutum 1 cikin 100 ke da ita a duniya, amma cikin 1999 an iske fiye da 5 cikin 100 na yaran Sahrawi da ke zaman gudun hijira a Aljeriya suna da ita. Magani guda ne, a bar alkama da sha'ir har iyakar rai: ba burodi, ba taliya, ba gurasa, ba alkaki. Mu nan mun yi sa'a, gama dawa, da gero, da acha, da shinkafa, da masara, da doyar da Gwari ke kawowa kasuwa, duk babu gulutin cikinsu. Sai dai a yi gwajin jini kafin a bar alkaman, domin in an riga an bari gwajin ba ya nuna kome.

Masu cewa a ci hatsi da dusarsa su ma suna da rabonsu na gaskiya. Likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aikin fiɗa a Kampala ta Yuganda, ya auna bayan gidan mutane, ya buga cikin 1972: na ƙauyawan Afirka yakan wuce gram 400 a rana, na Ingilishi masu cin farar fulawa kuwa gram 100 da 'yan kai, abinci kuma yakan yi kwana uku ko fi a cikinsu. Ba dukan abin da ya jingina wa rashin dusa aka tabbatar ba, amma game da taurin bayan gida da basir maganarsa ta tsaya. Wannan kuwa ƙari ne, ba hani ba: wake, da kuka, da zogale, da rama, da tuwon da ba a cika surfensa ba, da ruwa isasshe.

Hanin da ya fi kowane haɗari shi ne na yaro mai gudawa. Uwa takan tsai da abinci, har da nono, wai ciki ya huta, alhali ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro. A ci gaba da ba shi nono da abinci mai laushi, a dama masa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14.

Wanda zai kai darasin nan aji biyar ko shida, ya sa yara su kawo dawa tafi biyu, guda surfaffiya, guda ba a surfa ba, da 'yar dusar da aka ware wa awaki. Su kawo kuma fulawa kaɗan, a kwaɓa ta da tauri, a yi ta wanke curin cikin ƙwarya har farin ruwan ya ƙare. Abin da ya rage a hannu, mai danƙo kamar roba, shi ne gulutin. A gwada haka da garin dawa, su gani da idonsu ba abin da zai rage.