Haƙƙin mace bayan an warware aure

Wani lokaci sai bayan tarewa ake gane miji da mata sun sha nono ɗaya, dole a warware auren. A mazhabar Imamu Malik, in an sadu, sadakinta nata ne, za ta yi idda, wurin zama kuma yana kan mijin har ta gama. Ciyarwa kuwa ta faɗi, sai in tana da ciki: nan zai ciyar da ita har ta haihu, bisa aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, don ɗan nasa ne tunda ba da sani suka yi ba.

Muridin da ya kore ta da ciki ya ɗauki haƙƙin baiwar Allah, wuridi kuwa ba ya sauke shi sai an biya. Allah ya tsare mu.