DARASI: Daga 'Yan Sanda Zuwa NDLEA, Tarihin Masu Tsaron Dokar Ƙwayoyi

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan hukumomin da Gwamnati ta ɗora wa aikin hana miyagun ƙwayoyi ne. Wani zai ce, ina ruwan mai fartanya da wannan? Da ruwansa kuwa, gama wiwi a gona ake shuka ta, ƙwaya kuma ta riga ta shigo cikin 'yan ƙodagonmu. Sai shugaban ƙungiya ya karanta a hankali, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Zamanin Turawa

Dokar farko mai ƙarfi a Nijeriya ita ce Dokar Magunguna Masu Haɗari ta 1935. A lokacin babu wata hukuma ta musamman. 'Yan kwastan suna tsaron tashar jiragen ruwa da kan iyaka, 'yan sanda suna kama mai laifi, ma'aikatan lafiya kuma suna duba masu sayar da magani. Masu tarihi da yawa suna danganta yaɗuwar tabar wiwi da sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa waɗanda suka komo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

2. Zamanin Bulala

Da soja suka karɓi mulki a 1966, sai suka kafa Dokar Wiwi. Wanda ya shuka ta, hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin da bai kasa shekara 21 ba. Wanda aka kama yana sha, shekara 10. Duk da haka noman wiwi bai mutu ba, sai ya gudu cikin kurmi. A 1975 aka sassauta hukuncin.

Daga baya wata sabuwar masifa ta ɓullo, watau hodar Iblis da hiroyin, waɗanda ake ratsawa da su ta filin jirgin saman Legas zuwa Turai da Amurka. Gwamnatin Janar Buhari ta fitar da Doka ta 20 ta 1984, mai hukuncin kisa. A watan Afrilu na 1985 aka harbe mutum uku a Legas. Mutane da yawa sun yi gunaguni, gama an yi amfani da dokar har a kan laifin da aka aikata tun ba a kafa ta ba. A 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta soke kisan, ta mayar da shi ɗauri.

Mu lura da abu ɗaya a nan. Sau biyu aka ɗaga hukunci har ya kai ga rai, sau biyu kuma aka sauko da shi, fataucin kuwa yana nan. Wanda ya sare ƙaya daga sama bai tone saiwa ba, da ruwan farko zai gan ta.

3. Haihuwar NDLEA

A 1988 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya domin yaƙi da fataucin ƙwayoyi. Saboda haka Nijeriya ta fitar da Doka ta 48 ta 1989, wadda ta kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA. Ta soma aiki a 1990. Aikin da dā yake warwatse a hannu uku, yanzu ya sami mai shi. An ba ta ikon bincike, da kamu, da kai ƙara kotu, da bin sawun dukiyar da aka tara ta wannan hanya. An kuma ba ta aikin wayar da kan jama'a da taimakon waɗanda ƙwaya ta kama. Ita ce ke shiga kurmin jihohin Ondo da Edo da Osun tana sare gonakin wiwi tana ƙonewa.

A 1993 aka kafa wata hukumar dabam, NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magani. Kada mu haɗa su. NAFDAC ce ke ba magani lambar rajista, tana farautar jabu. NDLEA kuwa tana bin ƙwayoyin da doka ta hana, da maganin asibiti wanda aka karkatar zuwa maye.

4. Da Ƙwaya Ta Iso Ƙauye

Abin da ya fi damunmu a Arewa ba hodar Iblis ba ce, maganin kanti ne. A watan Mayu na 2018 Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. An kuma yi babban bincike na ƙasa, aka tarar mutum wajen miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 10.6 masu shan wiwi ne, miliyan 4.6 kuma masu shan irin su tiramol.

Tiramol maganin ciwo ne, likita yakan rubuta mai ƙarfin 50 ko 100. Na bayan fage yakan kai 225. Saurayi yana sha domin ya yi noma tun safe har yamma bai ji gajiya ba. Amma gajiyar tana nan, ƙwayar ta rufe ta ne kawai. Gobe sai ya ƙara yawa, jibi kuma ba ya iya ɗaga garma sai da ita. Ƙarshenta farfaɗiya, wani lokaci mutuwa.

5. Abin Da Tarihin Ya Koya Mana

Tun 1935 ake canza doka, ana canza masu tsaronta. Hukuma tana iya tare mota a hanya, amma ba ta san wanda ya zuba ƙwaya a kunun gayya ba. Mu ne muka sani. Idan mai gona yana yabon ɗan ƙodagon da ba ya hutawa, yana rage ladan mai hutawa, to, shi ma yana ciyar da wannan kasuwa.

Mu kuma tuna, dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shuka irin waɗannan abubuwa, da ɗauri mai tsawo ga wanda ya bari aka ɓoye su a wurinsa da saninsa. Kada mu ba baƙo aron gona ko rumbu ba tare da mun san abin da zai sa ba. Yaron da ƙwaya ta kama kuwa, asibiti da shawara yake bukata, ba mari ba.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Me ya sa hukuncin kisa na 1966 da na 1984 bai kawar da matsalar ba?
2. Mene ne bambancin aikin NDLEA da na NAFDAC?
3. Yaya ƙungiyarmu za ta tsara hutu da abinci da lada a ranar gayya, domin kada kowa ya nemi ƙarfin aro?
4. Idan ɗan wani memba ya faɗa cikin shan ƙwaya, wa zai fara zuwa gidan, da wace magana?