Nasiha ga Mai Sayen Kwalli a Madina

Ya kai ɗan'uwa da Allah ya nufa da ziyarar Madina, idan ka tsaya a shagunan da ke kewaye da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin sayen kwallin tsaraba, ka sani cewa da yawa daga cikin kwallin gargajiya dutsen dalma ne aka niƙa, ko da an kira shi ismidi.

Illar dalma kuwa, idan ta shiga jikin yaro ta hanyar yatsan da ya murza ido ya kai baki, ita ce takan kama sinadaran inzayim masu ƙera jan jini, ta ture zinkin da ɗayansu yake dogaro da shi, har aikinsa ya tsaya, jini ya yi ƙaranci, ƙwaƙwalwa ta raunana.

Likitoci suna da magunguna irin su DMSA, masu damƙe dalma kamar awartaki su fitar da ita ta fitsari, kuma da DMSA aka yi wa yaran Zamfara magani bayan musibar gubar dalma ta 2010, wadda ta halaka yara kimanin 400. Sai dai ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa, kuma fa'idarsa kaɗan ce muddin yaro yana tare da tushen gubar.

Saboda haka ina roƙonka, kada a sa wa jariri kwallin da ba a san asalinsa ba. Wanda aka daɗe ana sa masa kuwa, a kai shi asibiti a auna jininsa, kada a ba shi maganin nan sai da umarnin likita.