Kifi Mai Bulala: Shak Mai Farauta da Wutsiya

Ɗalibin da ya tashi a Rano ko Kibiya, in aka ce masa kifi, abin da zai faɗo masa a rai shi ne karfasa da tarwaɗa irin waɗanda masunta ke kamowa daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Waɗannan duka kifaye ne masu ƙashi. To, amma akwai wani babban rukuni wanda babu ƙashi ko ɗaya a jikinsa sai guringuntsi, watau irin abin da ke cikin kunnen mutum da kan hancinsa. Kifayen shak na teku suna cikin wannan rukuni, kuma ɗaya daga cikinsu ne zancen wannan darasi.

Masana suna kiransa Alopias pelagicus. Kalmar farko ta samo asali daga sunan yanyawa a harshen Girkanci, ta biyu kuma tana nufin mazaunin tsakiyar teku, nesa da gaɓa. Wani masani ɗan Japan, Hiroshi Nakamura, shi ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1935. Tun da Bahaushe bai taɓa raɗa masa suna ba, a nan za a kira shi mai bulala. Yana zaune a ruwa mai ɗumi na Tekun Indiya da Tekun Fasifik, har da Bahar Maliya wadda mahajjatan ƙasar Hausa suka daɗe suna ƙetarewa. Babu shi a Tekun Atlantika da ke kudancin Nijeriya, sai dai 'yan'uwansa biyu. Shi ne ƙarami a cikin ukun, amma duk da haka tsawonsa ya kan kai mita 3, kuma kimanin rabin wannan tsawo wutsiya ce zalla.

Ina amfanin wutsiya irin wannan? Masunta sun daɗe da lura da wani abu: sau da yawa idan suka jawo ƙugiya, sai su tarar ta kama kifin a wutsiya, ba a baki ba. Wannan ya sa aka yi zaton yana dukan abincinsa kafin ya ci, amma zato ba hujja ba ne. Hujja sosai ta fito a 2013, lokacin da Simon Oliver da abokan aikinsa suka buga sakamakon hotunan bidiyo da aka ɗauka a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Pescador na ƙasar Filifin. An ga kifin ya zaburo cikin garken sadin, sai ya ci burki da fukafukan ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai, gindinsa ya ɗaga, wutsiyar ta shauɗo ta saman kansa kamar bulalar makiyayi. Matsakaicin saurin bakin wutsiyar ya kai mita 14 a daƙiƙa guda, watau kimanin kilomita 50 a awa. Daga nan sai ya juyo a tsanake ya tsince waɗanda suka suma. An ga inda duka ɗaya ya samar masa kifi bakwai. Hikimar a fili take: bin sadin ɗaya-ɗaya a cikin garke wahala ce mai cin ƙarfi, ga shi bakinsa da haƙoransa ƙanana ne.

Sai dai abin da ya fi cancantar malami ya tsaya a kansa a aji shi ne haihuwarsa. Karfasa ta kan balaga kafin ta cika shekara, ta zuba ɗaruruwan ƙwai, uwar ta ɗauke su a bakinta har su ƙyanƙyashe, sa'an nan ta sake wani zubin cikin shekarar. Mai bulala kuwa ba ta zuba ƙwai a ruwa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa ne a cikinta, kuma mahaifa biyu gare ta, kowace da ɗa guda. Babu mabiyiya da ke haɗa uwa da ɗa kamar yadda yake ga akuya. Idan ɗan ya cinye gwaiduwar ƙwansa, sai uwar ta riƙa sako masa waɗansu ƙwai marasa ɗa yana haɗiyewa, da su yake girma har ya fito. Ranar haihuwa tsawonsa ya haura mita guda, ya iya iyo, ya iya neman abinci, ba kowane kifi ne zai iya haɗiye shi ba. A 2013 wani mai ɗaukar hoto ya yi dacen kama wata tana haihuwa a kusa da tsibirin Malapascua, inda waɗannan kifaye ke taso wa da sassafe domin ƙananan kifaye su tsince musu ƙwarin da ke manne a fatarsu.

Yanzu sai lissafi. Macen ba ta balaga sai ta shekara 8 zuwa 9. Alal misali, a ce ta yi shekara goma tana haihuwar biyu-biyu babu fashi: 'ya'ya ashirin ke nan a rayuwarta duka, abin da bai kai zubin karfasa ɗaya ba. Wannan tsari ya yi mata daidai muddin babu mai kashe manya. Da zarar jiragen kamun kifi suka baza layu masu dubban ƙugiyoyi da manyan taruna domin kifin tuna, sai lissafin ya rushe, domin ana ɗibar iyaye fiye da yadda 'ya'ya ke tasowa. Ana cin namansa, ana kuma sayar da fukafukansa ga masu miyar fukafukin shak a gabashin Asiya. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 an sa dukan nau'o'in uku cikin dabbobin da ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, kuma a 2019 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sa mai bulala cikin jerin masu fuskantar haɗarin ƙarewa.

Ba sai an je teku ba kafin ɗalibai su gwada wannan ƙa'ida. Malami na iya sayo karfasa da tarwaɗa masu ƙwai a kasuwa, a feɗe su a aji, a auna nauyin ƙwan gaba ɗaya, a ƙirga na cikin giram ɗaya, a riɓanya. Sa'an nan a tambayi masuntan Tiga wane kifi ne suka fi ganin ya yi ƙaranci a tarunsu, kuma yana kai wane girma kafin a same shi da ƙwai. Karfasa ma, duk da yawan ƙwanta, tana raguwa idan taru mai ƙananan idanu ya kwashe ta kafin ta yi zubin farko.